Lamba Shida a Wayar Lukuman

Jama'a ku yi haƙuri, na san kwana tara ban leƙo ba. Na ga masu yi min tsiya a ƙarƙashin rubutun da ya wuce, har da wadda ta ce wai na samu miji na manta da ku. Baiwar Allah, da kin san halin da nake ciki da addu'a za ki yi min. Yanzu ma in ban amayar da abin nan ba abinci ba zai shiga cikina ba.

Ga sababbin zuwa, sunana Badi'a, 'yar Kabo ce ni, shekarata ashirin da uku. Shekara biyu ke nan ina taya ungozoma aiki a ƙaramin asibitin unguwarmu, ni ce riƙe fitila, ni ce dafa ruwa, ni ce lallashin mai naƙuda. Burina ɗaya a duniya, in zama ungozoma mai takarda. Wanda zan aura kuma Lukuman ne, mai shagon kwamfuta a bakin tasha. Ba wanda ya yi min dole. Ni na gani na ce ina so, kuma in faɗi gaskiya ko yanzu da nake rubutun nan zuciyata ba ta daina ba, shi ne ma abin da ya fi ba ni haushi.

Sai na yi muku bayanin wani abu kafin ku gane labarin. A garinmu duk wanda ya taɓa cike fom na makaranta ko na neman aiki, Lukuman ne ya buɗe masa imel. Yana da wani baƙin littafi a aljihun tebur, sunanka, adireshinka, da kalmar sirrinka duk suna ciki. Ba mai tambayar tasa. Me za ka yi da ita? In buƙata ta taso ka je shago a duba maka, kamar dai yadda ake barin makullin gida wurin maƙwabci. Ni ma haka aka yi min, sai dai ni da yake 'yar gata ce ya saka min imel ɗin a wayata saƙo yana shigowa kai tsaye. Da shi na nemi makarantar ungozoma ta Zariya wata huɗu da suka wuce, shi ya cike min fom ɗin da hannunsa yana cewa, "Allah ya sa a dace, ranki ya daɗe."

Shiru, shiru. Na rubuta musu sau huɗu ina tambaya, ko tari ba su yi ba. Har na haƙura. A gida aka ce to tunda karatu bai yiwu ba ai sai a yi abin da ya yiwu, aka tsayar da ranar Alhamis bayan la'asar kawunnansa za su zo sa rana.

Ranar Alhamis ɗin tun da sassafe gidanmu ya cika da hayaƙin suya. Inna na bakin murhu tana juya cincin, an shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, an kunna turaren wuta har maƙwabta na atishawa. Gwaggo Asta, yayar Baba, tun Laraba ta iso daga Durun da ƙwaryar man shanu da bakinta da ba ya gajiya. Ita ta zaunar da ni a kan kujera 'yar tsugunne ta kama hannuna na hagu tana lafta min lalle.

"Gwaggo, sa rana fa za a yi, ba biki ba."

"Rufe min baki. Mu a zamaninmu ko kallon yarinya za a zo sai an ga ja a hannunta. Miƙo yatsun, kin wani ƙanƙame su kamar mai riƙon kunama."

Ta gama na hagu ke nan ta ɗaure min shi cikin baƙar leda, wayata ta hau ruri a kan cinyata. Baƙuwar lamba. Ƙarfe sha ɗaya saura kwata.

"Salamu alaikum, da Badi'atu Salisu nake magana?"

Muryar mace ce, babba, irin ta ma'aikatan da suka gaji da mutane. Na ce ita ce.

"Daga ofishin rajista na makarantar ungozoma, Zariya. Yarinya, lafiyarki kuwa? Sau biyu muna aiko miki takardar ɗauka ba ki amsa ba. In ba kya so ki faɗa, akwai mutum arba'in a bayanki."

Wallahi sai na ji tsakar gidan ya juya. Na miƙe tsaye, ƙwaryar lallen ta kife.

"Hajiya... an ɗauke ni?"

"Tun sati uku. Ki buga fom ɗin da muka haɗo, ki sa hannu, ki dawo mana da shi ta adireshin da kika nema da shi. Ta shi kaɗai, ba ma karɓa ta wani. Yau ƙarfe huɗu ake rufewa. Ni ma don na ga makinki ne na kira, ba aikina ba ne."

Ƙit, ta kashe.

Na faɗa ɗaki na buɗe imel da hannu ɗaya. Babu komai. Tallan takalma, gaisuwar Juma'a ta wata ƙawata, shi ke nan. Na ja ƙasa, na ja sama, babu. Kun san wanda na fara kira, ai ba sai na faɗa ba.

"Yaya Lukuman, an ɗauke ni! Zariya sun ɗauke ni!"

Bai taya ni murna ba. Tambaya ya jefo min.

"Wa ya gaya miki?"

"Yanzu suka kira. Sun ce sun aiko sau biyu, ni kuma ban gani ba. Don Allah ka duba min a kwamfuta, ƙarfe huɗu za su rufe."

"Kash. Ina Kano, na shigo sayen tawadar firinta, shago a rufe yake. Kuma Badi'a ki bi a hankali, 'yan damfara sun yi yawa, haka suke kiran mutane."

"Ba ta tambaye ni komai ba fa. Sunana ta faɗa har da na Baba."

"To ki bari in dawo da yamma mu duba a nutse."

"Da yamma an rufe!"

"Yau fa ranarmu ce, ranki ya daɗe. Kar ki ɗaga hankalinki."

Ban san lokacin da na katse ba. Mutum ɗaya ce ta faɗo min a rai: Murja, ƙawata tun sakandare, sakatariya a ofishin wata ƙungiyar manoma a Gwarzo. Tana da firinta, tana da na'urar ɗaukar takarda, tana da kai. Na zura doguwar rigata ruwan toka, na ja hijabi, na fito.

Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa ta.

"Ina zuwa?"

"Gwarzo, Gwaggo. Yanzu zan dawo."

"La'ilaha illallahu! Yarinyar da za a sa wa rana yau ita ce za ta hau titi da leda a hannu? So kike a ce 'yar gidan Salisu ba ta da mafaɗi? Koma ciki kafin in saɓa miki."

Na kalli Inna. Ni ce 'yar fari, Inna ba ta faɗin sunana, ba ta ma cika kallona a gaban mutane ba. Amma ta ji wayar nan tun daga farko, na san ta ji. Ba ta ɗago daga kaskon ba ta ce, "Yaya Asta, ƙyale ta. Mayafin da za ta yafa yana wurin tela a Gwarzo, ni na manta ban aika ba."

Babu wani mayafi, jama'a. Babu tela. Inna da ko a wasa ban taɓa jin ta yi ƙarya ba.

"To ke 'yar nan," in ji ta, har yanzu idonta na kan mai, "ki yi abin da ya kai ki ki dawo."

A tasha motar Gwarzo saura mutum biyu. Na zauna a baya tsakanin wata mata mai kaji da buhun taki, ina duba agogo kamar zan cinye shi. Ta taga ina hango shagon Lukuman, ƙofa a garƙame. Ɗan kamasho na ta ƙwala kira, "Gwarzo! Gwarzo mutum ɗaya!" kusan awa guda kafin Allah ya kawo wani tsoho da keke. Aka ɗaure keken, aka kwance, aka sake ɗaurewa. A hanya kuma direba ya tsaya shan mai, ya tsaya gaisawa da surukinsa a bakin gonar masara. Ni dai ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, lalle na ta yi min ƙaiƙayi cikin leda.

Ɗaya da rabi na shiga ofishin Murja. Tana zaune tana taunar cingam, ta ɗaura ɗankwalinta ya kalli gabas.

"A'a, amarya! Me ya fito da ke? Ko kin gudo ne? Wannan ledar fa, rauni kika ji ko ado ne?"

"Murja, bar wasa."

Na zayyana mata komai a tsaye. Ta tofar da cingam ɗin, ta miƙo hannu. "Kawo wayar."

Ta danna wasu layuka uku a gefe da ni ban taɓa kula da su ba. Ta shiga wani wuri mai hoton kwandon shara. Ta juyo min da fuskar wayar.

Ga su nan. Guda biyu. Da tambarin makarantar, da sunana da manyan baƙaƙe.

"Ta yaya suka shiga shara? Ni ban taɓa..."

"Ba a shiga shara da ƙafa, ƙawata, sai an jefa. Bari dai mu yi mai muhimmancin tukuna."

Ta tura fom ɗin kwamfutarta ta waya mai igiya. Firinta ta ci takarda ta farko, ta ci ta biyu, Murja ta ɗaka mata duka a gefe ta fito da ta uku lafiya. Na sa hannu cikin sauri har sa hannun ya yi kama da na mai koyon rubutu. Aka ɗauki hotonsa aka mayar wayata. Muka yi azahar a gurguje a bayan kabad. Biyu da rabi ta gota na rubuta musu gajeren saƙo, na liƙa fom, na ce bismillah na danna aikawa.

Na sauke ajiyar zuciya. Murja kuwa ba ta saki wayar ba.

"Bai tafi ba."

"Kamar ya? Ai ya ɓace daga nan."

"Ɓacewa daban, tafiya daban." Ta buɗe wani wurin. "Wannan shi ne akwatin fita, nan saƙo yake jira kafin ya tashi. Ƙirga."

Biyar. Na yau, da guda huɗun nan da na yi wata uku ina aika wa makarantar ina kuka cewa sun yi banza da ni. Kowanne da ɗan jan alama a gefensa. Ko ƙofar gida ba su fita ba.

Na zauna a kan buhun irin gyaɗa.

"Wa yake taɓa wayar nan ban da ke?"

"Ba kowa. Sai... ranar da na kai wa Lukuman ya canja min gilashi. Ta kwana a shago."

"Yaushe?"

"Sati ɗaya bayan ya cike min fom."

Murja ta yi wani murmushi marar daɗi. Ta shiga saitin imel ɗin, ta jawo kujera kusa da ni. "Zo ki gani da idonki, don gobe kar ki ce Murja ce ta haɗa ku. Imel hanya biyu gare shi, ta shigowa da ta fita. Ta shigowa lafiyarta ƙalau, shi ya sa tallan takalma yake samunki. Kalli ta fita. Wannan sunan tashar da ke ɗaukar saƙonki ne, an cire masa harafi ɗaya, ya zama tashar da babu ita a duniya. Wannan lambar ƙofa ce, an sa wadda ba ita ba. Nan kuma wurin tsaro, an zaɓi babu."

"Babu me?"

"Babu kulle. Ko da ya tafi, kamar ki ba direban tasha wasiƙa ba ambulan ne, duk wanda ta bi ta hannunsa ya karanta. Wannan ba kuskure ba ne, Badi'a. Kuskure ɗaya ake yi, ba uku a jere ba."

Ta mayar da harafin. Ta goge lambar ƙofar ta rubuta 465. A wurin tsaro ta zaɓi wasu haruffa uku, SSL, wani ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa ya fito a gefe.

"Kin ga kwaɗon nan? Yanzu saƙonki a liƙe zai tafi, daga wayarki har tashar ba mai leƙawa. Saura abu ɗaya." Ta miƙo min. "Sa fasuwod ɗinki."

Na kalle ta. Ta kalle ni.

"Ke! Kar ki ce min..."

"Yana littafinsa."

"Inna lillahi! Shekara nawa kina da imel ɗin?"

"Biyar."

"Shekara biyar kina haya a gidan da ba ki da makulli! Ku mutanen Kabo wa ya yi muku wannan aikin?"

"Kowa haka yake yi, Murja. Har limaminmu."

Muka gwada lambar wayata, ta ƙi. Muka gwada sunana da shekarar haihuwata, ta ƙi. Na kira lambar matar Zariya in roƙe ta ta karɓa ta adireshin Murja, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. A wayata kuma ga saƙon Gwaggo da ta sa aka yi mata na murya: "Ke Badi'atu, telan a Makka yake? Mutane sun fara alwala!"

Uku da minti goma.

Murja na ta lalube cikin wayar, sai na ga ta tsaya cak. "Akwai wani abu, amma ban san ko in nuna miki ba."

"Nuna min."

Wurin da ake ajiye wasiƙar da aka rubuta ba a aika ba ne. Guda ɗaya ce a ciki, da Turanci mai kyau irin nasa, an rubuta ta kwana goma sha tara da suka wuce. Wai ni Badi'atu Salisu ina godiya, amma saboda dalilin aure ba zan samu damar karɓar gurbin ba, a ba wani.

Na karanta sau biyu. Ban yi kuka ba, abin ya wuce kuka.

"Bai aika ba dai," na ce, ban san ma me ya sa na faɗa ba.

"Bai aika ba tukuna. Kuma ki sani, kwaɗon da na sa miki na hanya ne. Wanda yake da makullin gida ba ruwansa da hanya. Ko kin aika naki yanzu, yana iya bin bayansa da wannan daga shago, su ɗauka ke ce kika canja ra'ayi. Dole a canja makullin gaba ɗaya."

Ta buɗe shafin imel ɗin a kwamfuta, ta danna inda ake cewa an manta kalmar sirri. Ya yi ɗan juyi, ya kawo rubutu. Murja ta karanta a hankali: za a aika lamba shida zuwa wayar da ta ƙare da talatin da takwas, kuma minti goma take aiki.

Ba sai na duba ba. Lambar Lukuman ce, wadda na haddace tun kafin in haddace tawa.

"Saurara," in ji Murja, ta rage murya. "Ki kira shi ki yi masa daɗin baki. Ki ce kin haƙura da makarantar, hotunan lefe za ki tura wa wata, lamba za ta shigo ya karanto miki. Maza in ana lallaɓa su ba sa tunani."

"Shi ya san me lambar take nufi, sana'arsa ce."

"To ki yi kuka."

"Ba zan yi masa ƙarya ba, Murja. In na yi, me ya raba ni da shi? Danna."

Ta danna. Uku da minti ashirin da biyu. Na kira, bugu ɗaya ya ɗauka, kamar wayar na hannunsa.

"Wani saƙo ya shigo maka yanzu," na ce, ko sallama ban yi ba. "Karanto min."

"Badi'a, kina ina?"

"Gwarzo. Na ga kwandon shara. Na ga akwatin fita. Na ga wasiƙar da na rubuta ban sani ba."

Na kasa kunne. Can bayansa na ji wata murya da na sha ji yau har ta ishe ni: "Gwarzo! Gwarzo mutum ɗaya!"

"Ashe Kano ta dawo bakin tashar Kabo," na ce.

Na ji ya ja numfashi. "Ina cikin shago. Na kulle kaina tun da kika kira."

"Karanto min lambar."

"Ki tsaya ki ji ni."

"Minti goma gare ni, ka ci biyu."

"Shekara uku ne fa, Badi'a! Shekara uku a Zariya, cikin likitoci da masu mota. Ki dawo da farin kaya, ana ce miki sista, ni ina nan ina cire wa mutane hoton fasfo. Kin ɗauka za ki dawo ki kalle ni yadda kike kallona yanzu?"

"Da ka tambaye ni."

"Da na tambaye ki cewa za ki yi za ki dawo. Kowa haka yake cewa."

"Kai ka cike min fom ɗin. Ka ce kana yi min addu'a."

"Ina yi! Wallahi ina yi. In na yi sujada in roƙa miki, in na sallame kuma in ce Allah ya sa kar su ɗauke ki. Ni kaina ban san wacce nake so a amsa ba." Muryarsa ta karye. "Wasiƙar nan sau nawa ina ɗora yatsa a kanta, na kasa. Cewa na yi in aka sa rana, lokaci ya wuce da kansa, ba ni na hana ba, ba kuma wanda ya sani."

"Allah fa?"

Ban jira amsarsa ba na ci gaba.

"Yaya Lukuman, ranar da matar Hammadu mai shayi ta kusa tafiya a hannunmu, ungozoma ba ta nan, wa na kira ina kuka? Kai ka kawo mota. Kai ka ce min, Badi'a, garin nan yana buƙatarki da takarda. Ko shi ma a sujada ka faɗa?"

"Kar ki yi min haka."

"Ni ban ce zan bar ka ba. Ban taɓa cewa ba. Amma yau in huɗu ta buga saƙon nan bai tafi ba, ko an ɗaura, duk safiya in na kawo maka koko abin da zan tuna ke nan. Ka zaɓa."

Murja ta nuna min agogo. Minti goman sun cika, lambar ta mutu. Ta sake dannawa, ta ɗaga min yatsa ɗaya: shafin ya ce in aka sake nema bayan wannan sai gobe.

"Wata ta shigo," na ce. "Ita ce ta ƙarshe."

Ƙit. Ya kashe.

Na bi wayar da kallo. Na sake kira, tana ƙara ba ya ɗauka. Na sake. Murja ta miƙe tana zagaye ofis tana faɗin maganganun da ba zan rubuta su a nan ba saboda akwai yara a cikinku. Masallacin bayan ofis ya fara gyaran lasifika. Ni kuwa na yage ledar hannuna ina ɓamɓare busasshen lalle da farce, yana zuba a kan simintin mutane, don in ban yi wani abu da hannuna ba ihu zan yi.

Minti huɗu. Minti shida. Bakwai.

Wayar ta yi ƙara.

Saƙo ne daga gare shi. Ba sallama, ba ranki ya daɗe, ba komai. Lambobi shida a jere.

"Karanto!" Murja ta faɗa kan kujera.

Na karanto, ta buga, shafin ya buɗe ya ce a sa sabuwar kalmar sirri. Ta turo min kwamfutar, ta juya min ƙeya, ta rufe idonta da ɗankwali.

"Kar ki faɗa min. Kar ki sa sunanki, kar ki sa lambar wayarki, kar ki rubuta a takarda. Doguwa, da lamba a ciki. Ko Inna ce ta tambaya ki ce kin manta."

Na rubuta da yatsa ɗaya, sau biyu. Karo na farko a shekara biyar da na san abin da ke buɗe sunana. Murja ta juyo ta cire talatin da takwas ta sa lambata. Ta buɗe jerin na'urorin da ke cikin imel ɗin: wayata, da wata kwamfuta a Kabo, an rubuta tana ciki yanzu. Yana zaune yana kallo ke nan.

"Ke za ki danna wannan," in ji ta.

Na ɗora yatsana mai jan lalle, na fitar da shi. Ta goge wasiƙar ƙaryar, ta goge wata doka da ya kafa ta cewa duk saƙon makarantar ya zarce shara. Sannan na ɗauki wayata, na sa sabuwar kalmar a ƙarƙashin ɗan kwaɗon nan, na shiga akwatin fita na danna.

Ya hau juyi. Yana juyi. Layin sabis ya sauka daga uku zuwa ɗaya. Murja ta fizgi wayar ta haye kan kujera ta miƙa hannu ta taga kamar mai kiran ruwa.

"Tafi mana, don iyayenka!"

Huɗu saura minti takwas akwatin fita ya zama wayam. Duka biyar suka tashi, har da tsofaffin. Kafin Murja ta sauko amsa ta shigo, layi ɗaya: an karɓa, a zo rajista ranar Litinin ta sama.

Ta rungume ni tana tsalle tana guɗa ƙasa-ƙasa. Ni na kasa. Daɗi nake ji kamar in tashi sama, kuma ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa. Ina ta kallon lambobi shidan nan. Mutumin da ya toshe min hanya wata uku, shi ne kuma ya buɗe da hannunsa, ya zauna yana kallo ana fitar da shi. Ku gaya min, jama'a, a wane kwando zan sa wannan?

Ina cikin haka wayar ta sake ruri. Na ɗauka Gwaggo ce. Da na ga sunan sai da na miƙe tsaye na gyara hijabi, kamar yana ganina. Baba bai taɓa kirana da kansa ba, ko sau ɗaya, sai dai ya ce wa Inna a gaya wa yarinyar nan.

"Salamu alaikum, Baba. Barka da yamma."

"Badi'atu."

"Na'am, Baba."

"Kawunnan Lukuman suna nan zaure tun ɗazu, da goronsu da alewarsu. Mun buɗe da addu'a ke nan yaron ya bugo wa babbansu waya. Ya ce kar a sa rana. Ya ce ya yi miki laifin da ba shi da bakin faɗa, kuma in za a sa, sai in ke kika ce a sa bayan kin faɗi abin da ya yi."

Na ji muryar Gwaggo daga can ciki tana salati. Na ji wani dattijo ya yi gyaran murya, kusa sosai.

"Na ajiye wayar a tsakiyar tabarma," in ji Baba. "Kowa yana jinki. Bismillah."